San Mai Saurarenka Kafin Ka Ɗaga Murya

Jawabin da na gabatar gaban wakilan ƙungiyoyin matasa da na mata na gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Runji

Waɗanda suka kamo hanya tun asuba daga Gangara, Caduwa, Tibiri da Cadakori, sannunku da hanya.

An ce in yi magana a kan talla. Wani zai ce, mu da ba ƴan kasuwa ba, me ya haɗa mu da talla? To, duk wanda ke zauren nan mai talla ne. Ƙungiyar matan da ke matsar man gyaɗa tana neman mai saye. Saurayin da ya tara aya buhu goma yana neman mai saye. Mu kuma da ke yawo gari-gari muna cewa a yi wa yaro takardar haihuwa, a bar yarinya ta ƙare lakwal, a kai mai ciki awo, mu ma haja muke ɗauke da ita. Bambancin kawai, mu ba kuɗin mutum muke nema ba, so muke ya canza abin da ya gada ya saba da shi. Wannan kuwa ya fi sayar da mai wuya nesa ba kusa ba.

Ku tuna mai tallar magani ranar kasuwa. Ya kafa lasifika a kan amalanke ko bayan mota, bai fara da sunan magani ba. Da ciwo yake farawa. "Kai da ka wuni duƙe a gona, ƙugu ya riƙe, ka kasa miƙewa. Ke da ke kwana ba barci saboda ciwon mara, kina jin nauyin faɗa wa likita." Kafin ya ɗaga kwalba, mutum goma sun tsaya, kowa na ji kamar daga gidansa aka kwaso labarin. Sau da yawa abin da ke cikin kwalbar ba shi da rajista, ba wanda ya san me aka zuba, wani ma illa yake yi. Amma ana saye. A gefe guda ga ƙyallen wata ƙungiya an ɗaure bakin titi, an rubuta gaskiya tsantsa da Faransanci, iska na kaɗa shi, awaki na wucewa. Mai ƙarya ya san mutanensa, mai gaskiya bai san nasa ba. Abin da ya kawo ni gabanku yau ke nan, domin in aka bar kasuwa haka, lafiyar iyayenmu da kuɗinsu ne ke tafiya.

Kuskuren da aka fi yi yana cikin kalma guda: "jama'a". Tambayi mai shirya faɗakarwa, wa kake son ya ji? Ya ce jama'a. Tambayi mai sayar da ƙuli-ƙuli a Facebook, wa zai saya? Ya ce kowa da kowa. Babu wani mutum mai suna Jama'a. Akwai tsoho mai gona kadada biyu da baki goma sha biyar a gida. Akwai amarya ƴar shekara sha bakwai da ba ta fita sai da izini. Akwai ɗan kabu-kabu da ke fada har tsakar dare. Akwai makiyayin da ke ratsowa bayan girbi. Maganar da ka shirya don su duka, ba ta shiga kunnen ko ɗaya. Na kowa, ai ba na kowa ba ne.

Ba sai mun je Amurka ko Faransa neman misali ba. Babban darasin yana cikin gonakinmu.

Bayan farin shekarun 1970, an zuba kuɗi masu yawa a ƙasar nan wajen dashen itace. Aka kafa wuraren renon iri, aka kawo itatuwan waje, aka yi ta shela cewa hamada na tahowa, a dasa itace don ƴan baya. Mafi yawan dashen bai rayu ba. Rana ta ƙone wasu, awaki suka cinye wasu, sauran ba wanda ya ba su ruwa. Masu aikin suka ce manomi ba ya son itace.

Amma da an zauna da manomin an tambaye shi, da an ji abubuwa uku. Na farko, a idon mutanen lokacin, manomin kirki shi ne mai gona fes, wanda ya sassabe komai ya ƙone. Mai barin kututture rago ne. Na biyu, a doka itace na gwamnati ne. In ka bar shi ya girma a gonarka, ranar da ka sare reshe malamin daji zai iya cin ka tara. To wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Na uku, mutumin da bai san abin da zai ci a watan bakwai ba, ka zo kana masa maganar jikokinsa, ai sai ya ce Allah ya kai mu, ya juya.

Wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo Maraɗi a 1981, shi ma da dashe ya fara. A 1983 ya lura cewa ƴan ciyayin da ke warwatse cikin gonaki, waɗanda ake sarewa duk shekara, kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan ƙasa da ƙarfinta. Ba a buƙatar dasa komai. A zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kare su. Abin da muke kira sassaben zamani ke nan.

Ku saurari abin da ya biyo baya, don nan darasin talla yake. A yunwar 1984, wadda iyayenmu ke kira El-Buhari, aka haɗa aikin da rabon abinci a ƙauyuka kusan ɗari: ka bar itace a gonarka, a ba ka hatsi. Aka kare itatuwa wajen 500,000. Da rabo ya ƙare, aka sare kusan kashi biyu cikin uku. Me ya sa? Mutane hatsi suka saya, ba itace ba. Wanda ya zo don buhu, ranar da buhu ya ƙare shi ma ya tafi. Duk mai tara mutane da kuɗin zama da riga mai tambari, ya riƙe wannan.

Sauran kashi ɗayan da suka bar nasu, su ne suka ɗauki tallar a kansu ba tare da an biya su ba. Maƙwabci ya ga iskar farkon damina ba ta binne shukar mai itace ba, alhali shi sai da ya sake shuka. Ya ga matar mai itace ta bar doguwar tafiyar neman makamashi. Ya ga ƴaƴan gawo da na kalgo sun riƙe tumaki cikin rani, ya ga hatsin da ke ƙarƙashin gawo ya fi na fili tsayi, tun da gawo da damina yake zubar da ganye. Ya ga an sayar da itace an yi cefane lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Saƙon ya tashi daga "ku ceci duniya daga hamada" ya koma "itacen naka ne, ga abin da zai ba ka bana da baɗi". Nan Ɗan Saga, cikin gundumar Agiye, mutanen gari da goyon bayan aikin da asusun FIDA ya tallafa suka kafa kwamitin sa ido, suka sa mata da makiyaya a ciki, saboda sun san waɗanda ke shiga daji kullum su ne za su kare shi ko su kashe shi. Har kasuwar itace suka kafa. Dokar daji ta 2004 ta sassauta, a 2020 kuma aka fitar da doka ta musamman a kan wannan aiki. Masu bincike da hotunan tauraron ɗan adam sun ƙiyasta kadada miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. A 2018 aka ba Rinaudo wata babbar lambar yabo ta duniya a Suwidin, shekara guda da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso.

Manomin da aka ce ba ya son itace, shi ne ya reni miliyan 200. Mutum ɗaya ne, gona ɗaya ce. Abin da ya canza shi ne an fahimci tsoronsa da buƙatarsa.

Misali na biyu, buhun wake. Kowa nan ya san yadda ƙwaro ke mai da wake gari cikin ƴan watanni, shi ya sa manomi ke sayarwa da kaka da araha, ko ya zuba maganin da ke iya cutar da mai ci. Masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka, tare da na cibiyar INRAN a nan Maraɗi da wasu ƙasashe, suka fito da buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS: leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje, a ɗaure kowanne da kyau, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu ba tare da magani ba. Daga 2007 aka fara yaɗa shi. Yaya aka tallata? Sun san wanda suke magana da shi mutum ne da aka sha yi wa alkawari, ba ya yarda da baki sai ido. Sai aka je ƙauye, aka ce wasu su kawo waken kansu, aka zuba aka ɗaure gaban kowa, aka bar buhun a garin. Bayan watanni aka tara mutane aka kwance gaban mai gari da mata da yara. Kowa ya sa hannu ya damƙi wake, ya ga lafiya lau. An yi irin wannan a ƙauyuka sama da 30,000 cikin ƙasashe 10. Rediyo ya taimaka wajen sanarwa, amma ranar kwance buhu ce ta yi ciniki. Gani ya kori ji.

Akwai wani darasi a ciki: in ka sa mutum ya so abu, ka tabbata zai same shi kusa. Inda aka yi gwaji amma babu mai sayar da buhun a kasuwar kusa, sha'awa ta huce. Ku ma, in kun ce a yi takardar haihuwa, ku faɗi ofishin da za a je, ranar da ake samun ma'aikaci, da abin da za a riƙa a hannu. Talla ba tare da hanya ba, ƙishirwa ce kawai ka tayar.

Misali na uku ya shafi wata tambaya da ake yawan tsallakewa: wanda zai yi amfani da abu, shi ne mai yanke shawara? Shekara da shekaru ana tara mata ana musu bayanin awon ciki da haihuwa a likita. Mata sun ji, sun gane, da yawa ma sun yarda. Amma kuɗin mota da izinin fita suna hannun wa? Wani bincike da aka yi a jihar Damagaram a 2007 ya nuna ikon maigida na cikin manyan abubuwan da ke hana mata zuwa likita. Daga nan hukumar UNFPA da hukumomin lafiya suka fara abin da ake kira makarantar mazaje. Aka zaɓi magidanta masu mutunci a gari, waɗanda matansu ke zuwa awo, suna zama suna tattaunawa, su kuma su je su yi wa ƴan uwansu maza magana, namiji da namiji. Daga Damagaram abin ya bazu sauran jihohi har da tamu, ya ƙetara wasu ƙasashe. Saƙon bai canza ba, ƙofar da aka ƙwanƙwasa ce ta canza. Kuma a gidajenmu, kada a manta da uwar miji. Sau nawa amarya ta ji bayanin shayar da nono zalla wata shida a likita, ta dawo gida tsohuwa ta ce a ba yaro ruwa, zafi ya yi yawa? In ba ka yi magana da tsohuwar ba, ba ka yi magana da kowa ba.

Haka Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta fara a jihar nan ta Maraɗi a 1991. Ba a zo wa iyayenmu mata da maganar banki da takardu ba. An tarar suna adashi, an gina a kansa: zubi duk mako, akwati mai makulli, bashi tsakaninsu, rabo a ƙarshen zagaye. Har sunan da aka sa, yabo ne. Ba a ce mata matalauta ba, ba a ce mata marasa ilimi ba, an ce masu dubara. Wace mace ce ba ta son a kira ta haka? Yau ana bin wannan tsari a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, kuma daga nan ya tashi.

Sai maganar yarda. A 2003 wasu jihohin arewacin Najeriya suka dakatar da rigakafin shan inna, Kano ta fi daɗewa, har zuwa Yulin 2004. Masu shirin sun ɗauka rashin sani ne. Amma mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara lokacin sanƙarau na 1996 ba. Kuma suna da tambayar da ba a amsa ba: zazzaɓi na kashe mana yara, maganinsa sai mun saya, me ya sa wannan kaɗai ake bin mu da shi har ɗaka kyauta? Cutar ta bazu ƙasashe kusan 20, mu da ke bakin iyaka mun ɗanɗana. Abin da ya juya al'amarin, an koma wajen bakin da mutane suka yarda da shi: sarakuna, malamai, shugabannin da suka fito da ƴaƴansu aka ɗiga musu gaban jama'a, an kuma kawo maganin daga Indonesiya. Nan gida ma sarakunan gargajiya sun shiga aikin, ciki har da fadar Sarkin Gobir a Tibiri. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Shakkar mutum tana da tarihi. In ka kira ta jahilci, ka rufe ƙofa da hannunka.

To, daga waɗannan misalai, ga tambayoyi biyar da nake so kowace ƙungiya ta amsa kafin ta kashe ko dala ɗaya a kan talla.

Ta farko: wane ne, takamaimai? Ku siffanta mutum ɗaya har ku gan shi. Shekarunsa, sana'arsa, wa ke ci daga hannunsa, wa yake jin nauyi. In mutum uku ne daban, saƙo uku za ku shirya. Gundumominmu uku ma ba ɗaya ba ne. Manomin aya na Caduwa yana tunanin farashi da ɗan kasuwar da zai zo daga Najeriya. A Gidan Runji kuwa, tun 2019 dubban ƴan uwanmu suka tsallako daga Sakkwato, Zamfara da Katsina saboda ƴan bindiga, wasu aka zaunar da su Cadakori, Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Hausa ɗaya muke ji da su, amma da naira suka saba lissafi, sunayen ofisoshinmu baƙi ne gare su, kuma wanda ya gudo daga hari, in ka zo da takarda kana rubuta sunaye ba bayani, gabansa zai faɗi.

Ta biyu: me ke hana shi barci? Ba abin da ke cikin takardar aikinku ba, abin da ke cikin ransa. Uban da ke son aurar da ƴarsa da wuri, ba don ya ƙi ta ba ne. Yana tsoron abin kunya, yana tsoron makarantar da ke garin da ba shi da mai riƙe masa ita, yana ganin waɗanda suka ƙare karatu suna zaune. In maganarka ba ta taɓa waɗannan ba, zai saurare ka cikin ladabi, ya ce an gode, ya sa ranar biki. Je masa da amsar inda yarinya za ta zauna, wa zai kula da ita, ka nuna masa ungozoma ko malamar lakwal ƴar garinsu da ke ɗaukar albashi tana taimakon iyayenta.

Ta uku: da wane harshe, da wane lissafi? Manyan ƙasar nan da ke karanta boko ba su kai rabi ba, a mata abin ya fi ƙasa. Amma da yawa daga waɗanda ake cewa ba su iya karatu ba suna karanta ajami, mu ne ba mu rubuta musu da shi ba. Yanzu da aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, ba sauran uzuri. Sai dai Hausar ma iri-iri ce. Akwai Hausar da aka juyo daga Faransanci kalma bayan kalma, wadda ko mai karanta ta a rediyo bai gane ta ba. Kuma ku lura da lissafi. Tsohuwa ba ta san 500 F ba, dala ɗari ta sani. Ba ta san kilo ba, tiya ta sani. Kada ka ce kashi 30 cikin ɗari na wake na lalacewa. Ce mata cikin tiya goma, uku na ƙwaro ne. Nan take za ta riƙe baki.

Ta huɗu: ina ake samunsa, kuma yaushe? Taron ƙarfe goma na safe a watan noma, wa zai zo? Tsofaffin da ba su zuwa gona da yara. Mace tana bakin rijiya, wurin niƙa, gidan suna, taron asusu. Saurayi yana fada da tasha da filin kokowa. Magidanci yana ƙofar masallaci bayan la'asar da kasuwa. Rediyo har yau shi ne ke shiga inda mota ba ta shiga, kuma ƙasar nan tana da tarihi a kai: tun 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo, inda mutanen ƙauye ke ji tare, su tattauna, a ɗauki muryarsu a mayar gidan rediyo. Kakanninmu sun gane cewa mai saurare shi ma yana da abin faɗa. Yau saƙon murya na WhatsApp ya hau wannan turba. Minti ɗaya da muryar mutumin gari, ya fi shafi uku. Amma ku tambaya: salular gidan tana hannun wa? In ta maigida ce, to duk saƙon da kuka aika wa mata, shi zai fara ji. Ku tsara shi yadda in ya ji ba zai share ba.

Ta biyar: bakin wa ya yarda da shi? Wata magana liman ne zai faɗe ta ta zauna. Wata sai ungozoma. Wata sai ɗan kokowa ko shugaban fada. Masu tallar kayan kariya daga cutar sida a ƙasar nan sun gane haka, shi ya sa suka sa wa hajarsu suna Foula, sunan hular da kowa ya sani, suka kuma nemi zakaran kokowa ya tsaya musu. Mu ƴan jami'a, wani lokaci aikinmu shi ne mu shirya magana mu miƙa wa wanda za a ji, mu koma baya mu zauna. Ba dole sai an ga fuskarmu a hoto ba.

Bari in ce wani abu ga ƙannena masu kasuwanci a intanet. Facebook yana ba ka dama ka zaɓi garin da tallarka za ta je, da shekarun masu gani, maza ko mata. Kafin ka biya, tambayi kanka: mai sayen man gyaɗa na ƙungiyarmu yana Agiye? A Agiye kusan kowane gida akwai mai matsa. Mai sayenka ma'aikaciya ce a Maraɗi ko Yamai, wadda ba ta da lokaci, tana tsoron man da aka gauraya. Ita abin da take son gani: hannu mai tsabta, kwalba a rufe, farashi a fili, lambar da za a ɗauka in ta kira, da motar da za ta kawo mata. Mai sayen aya buhu-buhu kuwa ɗan kasuwa ne, shi tambayarsa buhu nawa, an tsince tsakuwa, ta bushe, yaushe za a yi lodi. Hoto ɗaya ba ya yi musu su biyu. Kuma kada yawan masu danna "so" ya ruɗe ku. Abokanka ɗari uku na jami'a sun yaba, ba wanda ya sayi kwalba. Ƙirga kira nawa ya shigo, kwalba nawa ta fita, mutum nawa ya dawo karo na biyu. Ƙungiyoyin faɗakarwa ma haka: kada rahoto ya tsaya a "mutum 200 sun halarta". Bayan wata uku, takardar haihuwa nawa aka yi a garin?

Yanzu wani zai ce, ashe so kake mu zama kamar mai maganin kasuwa. A'a. Sanin mutum wuƙa ce, ana fiɗa da ita, ana kuma yanka ɗan uwa da ita. Mai maganin bogi ya san ciwonka don ya kwashe kuɗinka. Dillalin da ke zuga samari su bi hamada ya san kunyar saurayin da ya kasa yin aure, da ita yake kama shi. Ɗan siyasar da ke zuwa da sabulu da turmin zane ya san rumbu ya ƙare. Duk sun san masu saurarensu. Ga ma'aunin da ke raba mu da su: in mutumin ya gano duk abin da ka sani game da shi, da dalilin da ya sa ka yi masa magana yadda ka yi, zai gode maka ko zai ji an yi wasa da hankalinsa? Kada ku yi alkawarin da ba ku iya cikawa. Kada ku tsorata mutane da ƙarya ko da don alheri ne, domin ranar da suka gano, gaskiyar da za ku faɗa gobe ma ta mutu. Kada ku ɗauki hoton yaro mai tamowa ko matar da ta gudo daga hari ku watsa ba da izini ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, mu kuma nan za mu ci gaba da zama, a kasuwa ɗaya, a maƙabarta ɗaya.

Ga aikin da nake roƙon ku tafi da shi, ba ya cin ko dala. Kafin taro na gaba, kowace ƙungiya ta zaɓi saƙo ɗaya ko haja ɗaya. Ku fitar da mutum biyu, mace da namiji, su je su zauna da mutum goma daga cikin waɗanda ake nufi, ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba, don a taro mai gari ne ke magana sauran su ce haka ne. Kada ku yi wa'azi. Ku tambaya, ku yi shiru. Me kika sani a kan abin nan? Wa ya faɗa miki? Me ya hana ki? In za ki yi, wa za ki fara tambaya? Ku rubuta kalmominsu yadda suka faɗe su, domin da su za ku gina saƙon. Ku nemi musamman waɗanda suka ƙi, sun fi masu yaba ku amfani. In kun shirya saƙon, ku koma ku kunna wa mutum biyar, ku ce su maimaita abin da suka ji. In abin da suka maimaita ba shi kuke nufi ba, laifin saƙon ne, a sake. Sai bayan haka a je gidan rediyo ko wurin mai buga ƙyalle.

Iyayena, ku ne kuka san garuruwan nan ciki da bai, mu abin da muka karanto kaɗan ne a kan abin da kuka gani. Ku riƙa gyara mana Hausa, ku gaya mana ƙofar da ake shiga da wadda ba a shiga. Ƴan uwana matasa, takardar jami'a ba ta sa a saurare mu. Wanda ya fara saurare, shi ake saurara wa.

Yanzu fili naku ne, kuma zan so iyayenmu mata na asusu su fara, su gaya mana saƙon da ya taɓa shiga kunnensu har suka yi aiki da shi, da wanda ya wuce su kamar iska.